Ragon Masar Mai Zuciya Biyu da Kanwar da Na Ba Shi

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda na ɗauki biro. Sau biyu ina farawa ina yage takardar. Karatuna bai wuce aji shida na firamare a garinmu Fakku ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da zai taɓa mutuncin wani ba bisa haƙƙi ba, in je in tarar da shi gobe kiyama. Amma maganar da ake yaɗawa a kaina tun daga Kebbe har kasuwar dabbobi ta Tambuwal ta ishe ni. Wai an koro ni, Attahiru, daga Masar ne saboda na yi sakaci da maganin dabbar da aka ba ni amana. Ni da na tashi a bayan shanu, wanda mahaifina bai taɓa bin sawuna ya duba garke ba idan na dawo da shi. Wannan ƙarya ce. Na yi laifi, amma ba shi ne wannan ba, kuma da bakina zan faɗi wanda na yi.

A Umdurman ta ƙasar Sudan na fara sanin cewa na bar gida. Lokacin yaƙi bai rufe hanyar ba tukuna. Mu biyu ne, ni da Garba mutumin Sanyinna da muka haɗu a mota, mutum mai yawan dariya da saurin baki. Wani ejan mai farar jallabiya da ƙamshin turare ya ce akwai gonar shanun madara kusa da Aswan ta ƙasar Masar da ke neman makiyaya. Ya karɓi abin da ya karɓa, ya ba mu takarda mai hatimi da lambar waya a bayanta. Ina iya haɗa baƙaƙen Larabcin saboda karatun allo, amma ban san abin da suke cewa ba. Kullum sai na buɗe ta na duba ko hatimin yana nan.

"Attahiru, ka bar takardag ga ta huta," in ji Garba. "Kullum kana leƙa ta awa akuya mai shirin haifuwa."

A Halfa, bakin iyakar Masar, muka yi kwana tara muna jiran jirgin ruwa. Wake da safe, wake da rana, har na fara mafarkin fura. Wata tsohuwa mai shayi a bakin masaukinmu ta lura ina jiƙa busasshen burodi da ruwan sanyi. Daga ranar, in na zo wucewa sai ta cika kofi da ruwan zafi da sukari ta tura gefena, ta kawar da kai don kada in yi godiya. Ban san sunanta ba. Har yau ina sa ta a addu'a.

A Aswan muka kira lambar, ba ta shiga. Muka nuna wa wani mai kanti takardar, ya karanta, ya kira maƙwabcinsa shi ma ya karanta, suka yi ta dariya. Da hannu da 'yan kalmomin da muka tsinta suka fahimtar da mu cewa takardar ganin likitan ido ce ta wani mutum daban. Garba ya yi dariya har da hawaye. Ni kuwa kwana biyu ban ci abinci ba. A nan na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara amincewa da takardar da ban san abin da ke cikinta ba.

Motar tumaki muka bi zuwa arewa, muna tsaye a tsakaninsu muna ta da wanda ya faɗi don kada a tattake shi. Ta sauke mu a wata babbar kasuwar dabbobi a bayan birnin Alƙahira. Nan muka zauna muna lodi da sauke kaya, muna riƙe wa dillalai raguna. Wata safiya ina lallashin wani rago da ya ƙi tafiya, ina yi masa magana kamar yadda nake yi a gida, sai na ji an ce a bayana:

"Kai, wa ka Hausa nan?"

Wani dattijo ne baƙi, siriri, da farin rawani irin na Sudan. Sunansa Baba Yunusa. Ya ce kakanninsa daga ƙasar Sakkwato suka taso zuwa gabas suka zauna a bakin kogin Nilu, shi bai taɓa ganin Najeriya ba, amma Hausar da ke bakinsa irin ta tsofaffin garinmu ce. Ya zo sayen raguna ne wa inda yake aiki. Na dubi wanda ya zaɓa, na buɗe masa baki da fatar ido, na ce, "Baba, wanga ba shi da jini. In kun kai shi gida ba shi yin mako." Ya dube ni, ya dubi ragon, ya sake ni da tambaya: ina son aikin da ake kwana a ɗaki mai ƙofa?

Wurin wani gidan bincike ne a gefen gari, ba zan faɗi sunansa ba. Kafin ka shiga wajen dabbobi sai ka wanke hannu har gwiwar hannu, ka sa takalmin roba da takunkumi. Raguna kowa da ɗakinsa, kowa da lamba a kunne. Shugaban ma'aikata ana ce masa Rayyis Hamdi, ƙaton mutum mai zobba, shi ya karɓi fasfona ya ce zai adana mini. Mai binciken kuwa wata matashiyar likita ce, Daktora Huda. Baba ne tafintana a wurin kowa.

"Tac ce ka kawo hannunka," in ji shi a rana ta farko.

Ta ɗora tafina a wuyan wani rago, inda aka aske gashi aka ɗinke. Na ji wani abu yana bugawa a ƙarƙashin fata, da sauri, ba irin bugun jijiya ba. Na fizge hannuna ina salati. Ta yi murmushi ta yi bayani, Baba yana juya mini. Zuciyar ɗan rago ce aka dasa a wuyan babba. Tasa ta asali tana nan a ƙirji tana aikinta, wannan ta wuya an sa ta ne a inda hannu zai iya taɓawa, don a ga kwana nawa jiki zai bar ta ta rayu. Jiki yana da garkuwa da ke gane nasa da baƙo, in ya ga baƙo sai ya taso masa da yaƙi. Na ce, "Awa saniya da ta ƙi maraƙin da ba nata ba." Da Baba ya faɗa mata sai ta tafa hannu ta ce haka ne. Maganin da ake ba su, in ji ta, yana danne garkuwar ne don kada jiki ya far wa baƙuwar zuciya. Shi ya sa kuma ƙaramar cuta take iya kayar da su, shi ya sa ake wannan wanke-wanken.

Abin ya dame ni. Na tambayi Baba ko halal ne abincin da zan ci da wannan aiki. Ya ce shi ma ya taɓa tambaya, aka ce masa akwai mutane, har da yara, da aka dasa wa zuciya jikinsu ya ƙi ta, ana neman a san yadda za a ba da maganin ya isa ba tare da ya lalata ƙoda ba. Ban ce na gamsu gaba ɗaya ba. Duk ɗan ragon da aka shiga da shi ɗakin fiɗa, nakan yi masa bisimilla a zuciyata.

Aikina shi ne ɗura musu maganin a baki da sirinji marar allura, bakwai na safe da bakwai na yamma, in yi alama a katin kowane. Sannan in ɗora hannu a wuya in dubi agogon bango in ƙirga bugun minti ɗaya. Saboda tsoron mantuwa na sayi ƙaramin littafi ina sake rubuta komai da Hausa. Wani lokaci in fita har ƙofa in dawo in duba ko na rufe kwalba. Rayyis yakan kwaikwayi tafiyata a gaban sauran, yana juyawa yana komawa, suna dariya. Ban kula ba.

Akwai ragunan da ba a ba su maganin ko kaɗan, don a gwada su da waɗanda ake ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, amma su suka koya wa hannuna aiki. Cikin mako guda ko kusa da haka zuciyar wuyansu takan kumbura, ta yi zafi, ta yi tauri kamar ɗanyen mangwaro, bugun ya riƙa nisa yana nisa har ya ɗauke. Daga nan sai a yi wa ragon allurar da ba a tashi, a cire zuciyar a kai ɗakin gwaji.

Lamba tara shi ne abin alfaharin gidan. Ni Mai Goshi nake ce masa, saboda farin da ke goshinsa. Yana cikin masu shan magani, kuma ya haura kwana arba'in zuciyar wuyansa tana bugawa lafiya lau. Babu wanda ya kai haka a cikinsu. Daktora takan shafa kansa kafin ta gaida mutane. Baba ya ce aikinta na shekara biyu a wuyan ragon nan yake rataye.

Sai Mai Goshi ya fara barin dusa. Ya koma lasar bango, yana gurgurar ƙarfen ƙofa, tuƙa ma ba ya yi sosai. Duk wanda ya yi kiwo a ƙasarmu ya san abin da dabba take nema in ta yi haka. Kanwa take so. Ƙananan ma'aikata ba sa yi wa Daktora magana sai ta hannun Rayyis, don haka na ja Baba muka je wurinsa. Ya saurara yana danna waya.

"Mi yac ce?" na tambaya.

Baba ya ce, "Yac ce nan ba dajin ubanka ba ne. Ba a sa ma dabba komi ga baki sai abin da anka rubuta."

Kwana biyu ina kallon ragon yana ramewa. Ina da ƙullin jar kanwa a jakata, wadda innata ta sa mini saboda ciwon ciki. Na ce a raina, wannan ai ba magani ba ne, abin da muke jiƙa wa tumaki ne tun muna yara, jarirai ma ana sa musu a kunu. Na gutsuri kamar ƙwallon dabino na jiƙa a ruwansa, na ba shi bayan na ɗura masa maganin safe. Ya shanye har yana lasar bokiti. Na yi haka safiya uku. Ya koma cin dusa, ya kwanta yana tuƙa, na ji daɗi kamar an yi mini bushara. Ban rubuta a katinsu ba. A littafina kaɗai na rubuta. To wannan shi ne laifina, na ba shi abin da aka hana, kuma na ɓoye.

Kwana biyar bayan haka, ranar Alhamis da safe, na ɗora hannu a wuyansa sai na ji canji. Zuciyar ta ɗan yi tauri, akwai ɗumi, bugun kuma kamar daga cikin rijiya. Na wanke hannu na sake taɓawa. Na kira Baba muka tare Rayyis yana shirin tafiya hutun ƙarshen mako, don a can Juma'a da Asabar ba a aiki. Ya zo ya taɓa da yatsu biyu ya ce tana bugawa, lafiya lau.

"Baba, ce mishi na san wanga tauri. Haka na lamba fuɗu da na shida sunka fara. Shi kira Daktora yanzu."

Rayyis ya ce ba zai ta da hankalin likita saboda hannun makiyayi ba, a bari sai Lahadi. Na ce to ya ba ni lambarta in kira da kaina. Ya shiga mota ya rufe ƙofa. Ranar ba ta leƙo wajen dabbobi ba, na tafi babban ginin da ofishinta yake, mai gadi ya mayar da ni don ba ni da katin shiga. Na koma na ci gaba da ba da magani a kan lokacinsa, Juma'a da Asabar, ina taɓawa kusan kowace sa'a, ina jin tana tafiya a ƙarƙashin tafina. Ranar Asabar bayan la'asar ta tsaya. Mai Goshi kuwa yana ta cin ciyawarsa, bai san an yi komai ba.

Ranar Lahadi Daktora ta taɓa wuyan, ta kawo na'ura ta duba, sannan ta kifa bokiti ta zauna a kai. Abin da ta faɗa shi ne, da an sanar da ita tun ranar da abin ya fara, akwai allura mai ƙarfi da ake yi in jiki ya taso wa zuciya farat ɗaya, wani lokaci takan mayar da shi. Aka ɗebi jininsa, sakamako ya nuna maganin ya yi ƙasa ƙwarai. Nan take Rayyis ya ce babu wanda ya gaya masa komai, kuma dama ya daɗe yana zargin ɗan Najeriyan nan yana tsallake ba da magani yana cika kati da ƙarya.

Ranar Talata aka kira ni ofishin babban likitan gidan, wani tsoho mai tabarau. Daktora tana gefe, Rayyis yana tsaye da fasfona a aljihun rigarsa, ina hango bakinsa. Aka turo mini takarda da biro. Baba ya ce in na sa hannu za a bar ni a aiki, a mayar da ni shara, magana ta mutu. Ya rage murya ya ƙara da nasa:

"Ɗana, sa hannu mu fita. Kai baƙo ne, takardun zamanka ma ba su cika ba."

"Baba, karanta min ita dut. Kalma kalma."

Ya karanta. Takardar ta ce ni Attahiru na amsa cewa na tsallake ba da magani sau huɗu, kuma ban sanar da kowa canjin da na gani ba. Na tura takardar ta koma.

"Ba ni sa ma ƙarya hannu."

Na fito da littafina na ajiye. Na fito da ragowar kanwar a ƙullinta na ajiye a kansa. Na ce, "Faɗa musu ban taɓa tsallake ko sau guda ba, ga shi nan rana rana. Faɗa musu na ba shi wagga kanwa safiya ukku bayan an hana ni."

Baba ya zaro ido. "Ka haukace? Ba wanda yas sani!"

"Ni na sani. Faɗa musu yadda nic ce, kak ka rage komi. Kuma ka faɗa musu zuwanmu wurin Rayyis ranar Alhamis."

Ya faɗa. Rayyis ya fara ɗaga murya, tsohon likitan ya ɗaga masa hannu. Daktora ta kwance ƙullin, ta shinshina, ta ɗanɗana a harshe. Ta tambaye ni nawa na ba shi, da wane lokaci, da tazarar da ke tsakaninsa da maganin, tana rubutawa. Sannan ta juya ga Baba, ba a matsayin tafinta ba, ta tambaye shi ko gaskiya ne mun je wurin Rayyis ranar Alhamis. Mutumin nan ya fi shekara ashirin yana cin abinci a gidan, kuma Rayyis ne ke rubuta sunan wanda za a sabunta wa aiki. Baba ya ce, da Larabci, gaskiya ne, da bakinsa ya fassara.

Na ce a tambayar mini ita, kanwar ce ta kashe zuciyar? Ta dube ni ta ce ba ta sani ba. Mai yiwuwa ta hana maganin shiga jini, mai yiwuwa kuma rashin cin abincin da ya fara tun farko alama ce ta wani abu da ya riga ya taso. Ta ce ba ta san wanda ya taɓa gwada wannan ba.

Tsohon likitan ya ninke takardar ƙaryar ya sa a aljihun tebur, ba wanda ya ƙara maganarta. Amma ya ce wanda ya sa wa dabbar bincike abu a baki a ɓoye ba zai ƙara aiki a gidan ba. Na ce wannan hukunci daidai ne, na karɓa. Rayyis ya jefo fasfona kan tebur. Shi ba a yi masa komai ba a gabana, ban san bayan tafiyata ba. Alfarma ɗaya na roƙa, a bar ni in riƙe kan Mai Goshi lokacin da za a yi masa allurar ƙarshe. Daktora ta yarda. Washegari da hantsi na rungume kansa ina sosa masa gindin ƙaho yadda yake so, har ya yi nauyi a hannuna.

Baba ya raka ni tasha da ledar burodi da dabino. Ya ce, "Ka sa tsoho ya yi abin da bai yi niyya ba. In ka kai gida ka gaishe min da ƙasar kakannina." Garba kuwa rabin labarin ya tsinta a bakin 'yan kasuwa, cewa an kore ni a kan magani, kuma ya riga ni isowa gida. Ba mugunta ya nufa ba, bakinsa ne ba ya riƙe abu. Mun yi ta, ya ba ni haƙuri, amma maganar ta riga ta shiga kasuwa.

Tun da na dawo na tambayi mai shagon maganin dabbobi a Tambuwal, ya ce bai taɓa jin sunan maganin ba. Na tambayi wani malamin dabbobi a Kebbe, ya yi dariya ya ce rago mai zuciya biyu sai dai a tatsuniya. Na hau mota har Sakkwato na tare wani mai ba da magani a asibiti, ya ce in dawo, na koma sau biyu ban same shi ba.

Saboda haka nake roƙon masu karatu, musamman likitocin mutane da na dabbobi da masu ilimin haɗa magunguna. Sunan maganin, yadda na ji Daktora tana faɗa, saikulosporin, na ruwa, ana ɗura shi a baki. Kanwar ja ce, girman ƙwallon dabino, a cikin ruwa rabin bokiti. Tsakaninta da maganin bai fi lokacin da mutum zai yi alwala ba. Safiya uku a jere, sannan kwana biyar kafin zuciyar ta fara tauri. Shin kanwa tana hana irin wannan magani shiga jinin dabba mai tuƙa? In ita ce, a gaya mini kai tsaye, ba lallashi nake nema ba. Zan ɗauki abina, in nemi yadda saƙo zai kai ga Daktora Huda don ta gargaɗi duk makiyayin da za su ɗauka bayana. Wanda ya sani da hujja ya rubuto ta hannun masu wannan jarida, za su isar mini. Wanda bai sani ba, don girman Allah kada ya kintata mini. Shekara uku ke nan ina kintata wa kaina.